Na sa tabaran bulu kat wata huɗu, ga yadda muka kaya da shi

Wata huɗu kenan da na sayi tabaran nan da ake ce wa bulu kat, wanda wai yake tare shuɗin hasken waya da na kwamfuta, kuma tun da na fara maƙala shi a fuska mutane ke tsare ni da tambaya wai yana aiki kuwa? To ga amsa a dunƙule saboda masu sauri: firem ɗin mai kyau ne, yana tare min ƙura in na hau babur, amma ciwon idon da ya sa na zaro kuɗina na saye shi ba shi ya raba ni da shi ba. Wanda ba ya sauri kuma ya gyara zama don labarin da ɗan tsawo.

Shagon kwamfuta gare ni a Kano, irin wanda ake taifin da fotokwafi da cike fom da buga katin biki. Lokacin da ɗalibai suke furojet kuwa ba a magana, tun takwas na safe nake zama gaban farin shafin Word ɗin nan har bayan isha'i, in an cire salla da ɗan abincin rana wanda shi ma sau da yawa a gaban sikirin ɗin nake tura shi. Da la'asar ta yi sai in ji idona kamar an watsa min yashi, yana zafi yana ruwa, in na ɗaga kai na kalli titi sai na ɗan jira kafin abubuwa su daidaita, ga wani ciwon kai da yake kama ni ta saman gira kamar an ɗaura min kaya. Kuma duk da haka in na koma gida ba hutawa nake ba, gaskiya ɗaya ce. Nefa su ɗauke wuta, ɗaki ya yi duhu ƙirin, ni kuma in kwanta in ɗaga waya sama da fuskata ina duba WhatsApp da Facebook hasken nan fari fat yana dukan idona, har uwargida ta taɓa ce min Malam don Allah in tocila kake so ka kunna ka faɗa a ba ka, wannan ai ta fi tocila. Na yi dariya amma maganarta gaskiya ce, silin ɗin ɗakin ma ana ganinsa da hasken wayar.

Wani kwastoma ne ya fara kawo min zancen tabaran, ya ce shi tun da ya saya ya huta. Na je wani shago cikin gari, ba zan faɗi sunansa ba don mutumin bai yi min rashin mutunci ba kuma ina ganin shi ma abin da aka faɗa masa yake faɗa. Ya ɗauko min kwali, ciki da tabaran da ƙyallen gogewa da wani ɗan farin kati da ƙaramar tocila kamar biro. Ya ce yallaɓai tsaya ka ga abin mamaki. Ya haska tocilar a kan katin, wurin ya koma shuɗi nan take. Sai ya sa tabaran a tsakani ya sake haskawa, katin ko gezau. Ya ce ka gani? haka yake tare maka hasken wayar kafin ya shiga idonka. Wallahi a nan take na gamsu, mutum ya ga abu da idonsa kuma me zai ce. Ya ce N18,000, muka yi ta ja har ya sallama a N12,000, na fito ina jin na yi riba.

In za a yi adalci kayan ba laifi. Ba shi da nauyi, ba ya matse min bayan kunne, gilashin yana da wani ɗan ƙyalli mai shuɗi-shuɗi in haske ya buge shi, kuma in ka kalli farar takarda da shi za ka ga ta ɗan yi rawaya kaɗan, ba sosai ba. Yana saurin kama zanen yatsa, kullum cikin gogewa nake. Sati biyun farko na ji kamar na samu sauƙi har na fara yi wa mutane tallansa kyauta, yarona na shago ma ya ce Oga ka koma kamar lakcara. Sai daga baya da na zauna na yi lissafi na gane satin biyun nan ai ɗalibai sun tafi hutu ne, aikin ya ragu da fiye da rabi, ina tashi tun kafin magariba. Da aiki ya dawo, hunturu kuma ya kankama, sai ido ya ce ina nan inda ka bar ni. Yashin nan ya dawo, ciwon kan ya dawo, ga tabarau a fuska.

Hajiyarmu ta ce in riƙa sa kwalli, wani ya ce ai afolo ne, wani ya ce in nemi zuma. A ƙarshe dai na haƙura na je asibitin ido na yanki kati. Wadda ta duba ni ta sa na karanta haruffan nan na jikin bango, ta yi ta canza min gilasai tana tambaya wanne ya fi, wannan ko wancan, ta haska min ido ta auna har da hawan jinin ido. Na miƙa mata tabarana ina taƙama, ta ɗaga shi ta duba ta ce Malam wannan ai ba shi da lamba ko ɗaya, farin gilashi ne kawai da aka yi wa shafe. Ta ce abu uku ke damuna. Idona yana bushewa. Ina da abin da suke kira astigmatizim ɗan kaɗan, wato gaban idon maimakon ya zagaye daidai kamar ƙwallo sai ya ɗan karkace kamar ƙwai, shi ya sa haruffa ke yi min kamar suna da inuwa. Sannan ta tambaye ni shekaruna, na ce 42, ta yi murmushi ta ce to an zo wurin, daga wajen shekara 40 ƙarfin ganin abu na kusa yake fara raguwa ga kusan kowa, shi ya sa kake ganin dattawa suna miƙar da hannu in za su karanta takarda. Wannan ta ukun ta fi yi min ciwo, ba zan ɓoye ba.

Maganar bushewar ce ta fi ba ni mamaki don ban taɓa kawo ta a raina ba. Ashe mutum in yana zaune haka kawai yana ƙifta ido wajen sau 15 a minti ɗaya, amma da ya ƙura wa sikirin ido sai ya sauko wajen sau 5 zuwa 7, kuma ƙiftawar nan ita ce take shafa wa ido ruwan hawaye. To ka haɗa da iskar hunturu da ba danshi ko kaɗan a cikinta, ka haɗa da ƙurar titi, ka haɗa da fankar da na saita tana hura min fuska kai tsaye tun safe. Wane tabarau ne zai ƙifta maka ido? Ta rubuta min maganin ɗigawa irin mai kama da hawaye, ta rubuta lambar gilashin da zan yanka, ta ce in juya fankar nan ta daina kallon fuskata.

Da na dawo abin ya tsaya min a rai, na ce to wancan gwajin katin fa da na gani da idona? Na shiga bincike da datata. Abin da na gano shi ne 'yar tocilar nan haskenta ba irin na waya ba ne. Launin haske ana auna shi da wani ma'auni nanomita, ita tocilar tana wajen 405 ne, can bakin iyaka kusa da hasken da ido ba ya ma gani, shi kuma shuɗin da sikirin ke fitarwa ƙarfinsa yana wajen 450. Gilashin yana tare na 405 ɗin da gaske, ba sihiri ba ne, amma na 450 yawancinsa wucewa yake abinsa, don in da zai tare shi duka da gilashin ya zama rawaya sosai ko ruwan lemo, ba fari haka ba. Wato an nuna min ƙofar da aka kulle, ɓarawon kuma ta taga yake shiga, in ma ɓarawon ne. Don shi kansa shuɗin hasken ba a tabbatar shi ne mai gajiyar da ido ba. A 2023 ƙungiyar Cochrane, masu tattara binciken likitanci su tace shi, sun fitar da nazari a kan gwaje-gwaje 17 da aka yi wa irin wannan tabarau, masana daga Jami'ar Melbourne ta Ostareliya suka jagoranta, kuma abin da suka samu shi ne ba wani bambanci a gajiyar ido tsakanin mai sa shi da mai sa farin gilashi. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ita ma ba ta ba da shawarar a saye shi. Kuma shuɗin hasken da rana ke zubo mana in mun fita tsakar rana a Kano ya ninka na waya nesa ba kusa ba. Da na karanta wannan sai da na kalli N12,000 ɗina a zuci na yi mata addu'a.

To daga nan ne na koma kan abin da yake kyauta, wato dak mod, baƙin bango da farin rubutu. Abin ya daɗe a wayoyinmu, Android 10 da iOS 13 duk a 2019 suka zo da shi, WhatsApp ya samu nasa a watan Maris na 2020, ni dai ban taɓa kula shi ba ina ganin na yara ne masu son gayu. Daren da na fara kunna shi babu wuta, kai jama'a, kamar an sauke min tulu daga ka. Idon ya daina runtsewa, silin ya koma duhunsa, uwargida ta yi barcinta lafiya. Na ce shike nan na samu magani, washegari na je shago na mayar da komai baƙi, Word baƙi, Windows baƙi, burauza baƙi, har yarona yana tambaya ko kwamfutar ce ta lalace.

Kwana uku na yi na mayar da ita fara. Shagona ƙofarsa gabas take kallo, da safe rana har kan teburina, sai baƙin sikirin ɗin ya koma madubi, fuskata nake gani da masu wucewa a titi maimakon rubutu. Sannan fararen haruffan nan a kan baƙi sai su riƙa yi min kamar suna zubar da haske ta gefe, kamar fitilar mota cikin hazo, musamman ƙananan rubutu, in na daɗe ina karantawa in na ɗauke kai sai in riƙa ganin layi-layi a bango. Kurakurai suka yi min yawa a taifin, wata ɗaliba ta dawo min da babi guda ta zagaye wurare da jan biro ta ce Baba yau lafiya kuwa? Baba fa ta ce, bayan maganar shekara 42 ɗin nan, abin ya haɗu ya yi min yawa.

Dalilin ashe mai sauƙi ne. Ɗan ramin nan na tsakiyar baƙin ido shi ke buɗewa da tsukewa gwargwadon haske. In bangon fari ne sai ya tsuke, in ya tsuke kuma gani ya fi kaifi, kamar yadda mutum ke ƙanƙance ido in yana son hango abu. In bangon baƙi ne sai ya buɗe don ya kwaso haske, da ya buɗe duk wata 'yar karkata da ke idon sai ta fito fili, shi ya sa masu astigmatizim irina suka fi shan wahalar farin rubutu a kan baƙi. Masu bincike a jami'ar Dusaldof ta Jamus sun gwada mutane da aikin gano kurakurai a rubutu, suka samu baƙin rubutu a kan farin bango ya fi, ga matasa da manya duka, kuma in rubutun ƙanana ne bambancin ya fi fitowa. Wato abin da ɗalibar nan ta gano da jan bironta. Amma ba kowa ba ne haka, masu yanar ido da waɗanda haske ke kashe wa ido da yawansu baƙin bangon ya fi musu daɗi, don farin yana watsuwa a cikin idon ya rufe musu rubutun. Kawuna yana da yana a ido ɗaya, na saita masa wayarsa baƙa da manyan haruffa, ya ce yanzu ne yake iya karanta saƙo ba sai ya kira jika ba.

Abin da na fahimta bayan duk wannan wahalar, ba fari ko baƙi ne matsalar ba, rashin jituwa ne tsakanin hasken sikirin da hasken wurin da kake zaune. Farin sikirin cikin ɗaki mai duhu azaba ne, baƙin sikirin cikin rana shi ma azaba ne. Akwai wata dabara da ta yi min amfani fiye da tabaran gaba ɗaya kuma ko sisi ban kashe ba: ka ɗauki farar takarda ka riƙe ta gefen sikirin ka buɗe farin shafi, in sikirin ya fi takardar haske kamar fitila to ka rage, in ya fi ta duhu ka ƙara, har su yi kusan daidai. Da na gwada na tarar monitana tun ranar da na saye shi yana kan 100, shekara nawa ban taɓa taɓa maɓallin ba. Yanzu da rana yana wajen 60, da yamma in sauko da shi ƙasa da haka. Na ƙara girman rubutu, na matsar da monitan baya kamar tsawon hannu, na cire littattafan da na ɗora shi a kai don ya ɗan yi ƙasa da idona, na sa labule a rabin ƙofar. A gida kuma na sayi 'yar fitilar caji nake kunnawa a gefe in za ni duba waya, wayar na saita ta tana komawa baƙa da kanta in rana ta faɗi ta dawo fara da safe.

Masu cewa dak mod yana tanadin caji, e da a'a. In sikirin ɗin wayarka AMOLED ne ko OLED to gaskiya ne, don kowane ɗigo shi ke kunna kansa, wurin da yake baƙi a kashe yake. In kuwa LCD ne, kamar yawancin ƙananan wayoyin da muke saya, fitila ɗaya ce a baya tana ci ko bangon baƙi ne ko fari, ba abin da ka rage. Ko a OLED ɗin ma, wani gwaji da aka yi a Jami'ar Purdue ta Amurka a 2021 ya nuna in haskenka yana tsakanin kashi 30 zuwa 50 tanadin kashi 3 zuwa 9 ne kacal, sai in ka ƙure hasken ne yake kaiwa wajen kashi 39 zuwa 47. Ga wanda yake biyan kuɗin caji a shago dai ko kaɗan ɗin ma wani abu ne.

Batun barci kuma, akwai gaskiya a ciki, haske da dare yana jinkirta sinadarin melatonin da ke sa jiki ya san dare ya yi. Wani bincike a wani asibitin Boston ya samu masu karatu a iPad kafin kwanciya sun fi masu karanta littafin takarda daɗewa kafin barci ya ɗauke su da kamar minti 10, amma su awa huɗu suke yi kowane dare da hasken a ƙure. Na kunna abin nan da ke mayar da sikirin rawaya da dare, yana da daɗin kallo, amma in faɗa muku gaskiya abin da ke hana ni barci ba launin haske ba ne, gardamar siyasa ce da ta ƙwallo a guruf, ko da wane launi aka rubuto min baƙar magana sai na tashi zaune na ba da amsa.

Likitar ta ce in riƙa yin 20-20-20, duk minti 20 in kalli abu mai nisan ƙafa 20, wajen mita 6 kenan, na daƙiƙa 20. Ba na iya kiyayewa, wa zai tuna agogo ɗalibi na tsaye a kansa yana cewa gobe ne difens, wato ranar da zai kare furojet ɗinsa gaban malamai. Abin da nake yi shi ne duk shafi biyar in na gama sai in ɗaga kai in kalli mai shayin tsallaken titi in ƙifta ido da gangan sau da yawa, har ya fara zaton kiransa nake, sau biyu yana aiko min da shayin da ban ce a kawo ba.

Gilashin da aka yanka min mai lamba shi ne ya kashe ciwon kan, cikin sati ɗaya. Da za a yanka sun tambaye ni ko a sa min shafen bulu kat a ƙara kuɗi, na ce a'a na gode, a sa min dai wanda ke hana ƙyalli. Maganin ɗigawa da juya fanka su suka rage yashin, bai tafi gaba ɗaya ba, ranar da ƙura ta yi yawa ina jinsa.

Shi kuma tabaran N12,000 in maki za a ba shi biyu cikin biyar nake ba shi, ɗaya na firem ɗaya na ƙura. Shafen ya fara ɓarewa ta gefen hagu tun a wata na uku, ko da yake da laifina don da gefen riga nake goge shi wani lokacin. Ba ya cutar da ido, wanda yake son sa don ado ko don ya ji daɗi a ransa ba zan hana shi ba. Abin da kawai yake damuna shi ne wanda idonsa ke ciwo kullum ya saya ya zauna yana jiran sauƙi, alhali wata matsalar ce daban, ga hawan jinin ido da yake cin gani a hankali ba tare da ciwo ba kuma sai an auna ake ganinsa. Kuɗin katin da na biya a asibiti bai kai rabin kuɗin tabaran ba.

Shekaranjiya na bi ta ƙofar shagon mutumin, ya hango ni ya taso da fara'arsa, yallaɓai ya tabarau? Na ce yana nan a aljihun babur. Ya ce ai an kawo sabo wanda ya fi wancan, wannan har duhu yake yi da kansa in ka shiga rana, ya juya zai ɗauko min 'yar tocilar. Na ce bar ta kawai, kawo in fita da shi waje in gani.